Dogon hutu ya zo: wane fim zan kunna wa yarana?

Assalamu alaikum Gwaggo. Ni matar aure ce a Jega, 'ya'yana uku: Abba mai shekara tara, ƙanensa mai shida, da auta mai uku, ga kuma ɗan yayata mai shekara goma sha ɗaya da aka kawo mana hutu daga Sakkwato. An rufe boko sai Satumba, Islamiyya kuma sai bayan la'asar. Ina ɗinki a gida, ba na iya binsu, kuma ina tsoron su fita don ruwa ya cika kududdufan bayan unguwarmu. Makon jiya na ba mai tura fina-finai memori na ce ya cika mini da katun. Kwana biyu da fara kallo mai shidan ya farka cikin dare yana ihu, washegari kuma na ji Abba ya ɗura wa ƙanensa wani ashar da ban taɓa ji a gidan nan ba. Ashe har da fina-finan Indiya masu fassara aka haɗo. Maigida ya ce a kashe kallo gaba ɗaya. Da na kashe sai suka koma ɗakin abokiyar zamana, can kuma ba ni da ikon cewa a canza tasha. Don Allah ki faɗa mini fina-finan da suka dace da yara, da yadda zan yi da babansu.

Maman Abba, Jega

Wa alaikumus salam, Maman Abba. Allah ya raya mana su Abba, ya sa albarka a ɗinkin.

Zan ba ki sunaye, amma ki yi haƙuri mu fara da memorin nan, don ko sunaye ashirin na ba ki, in kika sake miƙa shi a shago kika ce "cika mini", ba za a yi sati ba za ki sake rubuto mini. Yaron da ke zaune a shagon turi ba mugu ba ne, ɗan kasuwa ne. Abin da ke cikin kwamfutarsa shi ma turo masa aka yi, bai kalli ko rabinsa ba, kuma a wurinsa duk abin da aka zana yana motsi na yara ne. Ba shi kaɗai ke wannan tunanin ba, har mu iyaye. Ke tela ce, za ki fi kowa ganewa: katun kamar atamfa yake, da ita ake ɗinka wa jaririya riga, da ita kuma ake ɗinka wa amarya kayan ɗaki. Akwai katun da yawa, musamman na Japan, da tun asali manya aka yi wa, da sare-sare da jini da irin shigar da ba za ki so ɗanki ya gani ba. Zane ne dai, amma ba na yara ba.

Su kuma fina-finan Indiya masu fassara nasu daban ne. A zamaninmu da ake kallon Indiya ba fassara, yaro rawa da faɗa kawai yake gani, maganar ta wuce shi. Yanzu da Hausa ake zuba masa, kuma ba Hausar tsakar gida ba, Hausar tasha da majalisar samari, don mai fassara so yake ya ba matasa dariya, har yakan ƙara abin da ɗan wasan bai ma faɗa ba. Yaro kuwa abin da ya ga ya sa manya dariya shi yake ɗauka ya gwada. Saboda haka ki ja wa Abba kunne, ki gaya masa wannan kalma ba ta gidanku ba ce, ki sa ya ba ƙanensa haƙuri, ki bar maganar nan. In kika mayar da ita babban lamari, ya gano yana da kalmar da ke tayar da gida, zai ajiye ta don wata rana.

Wanda ya fi damuna shi ne mai shidan. Ɗan wannan shekarun bai gama raba abin da ke cikin akwatin talabijin da abin da ke tsakar gida ba. Dodon da ya gani da rana yana iya kasancewa bayan randa da dare. Ki zauna da shi da rana tsaka, ba lokacin kwanciya ba, ki tambaye shi abin da ya gani, ki bar shi ya faɗa da bakinsa. Ki gaya masa mutane ne suka zana shi kamar yadda yake zana mota a bayan littafinsa. Kada ki bari 'yan'uwansa su yi masa dariyar ragwanci. Da dare ku yi addu'ar barci tare, Ayatul Kursiyyu da Falaƙi da Nasi, ki bar masa tocila a kusa na 'yan kwanaki. Yawanci cikin mako ɗaya ko biyu abin yakan wuce.

Kuma ki sani ba sai fim ya zama na banza yake firgita yaro ba. The Lion King, wanda ya fito a 1994, a Amurka an sa shi cikin waɗanda kowa zai iya kallo, amma a cikinsa ake kashe uban zakin a gaban ɗansa, ɗan ya zo yana taɓa gawar yana cewa ya tashi. Jikata tana da shekara biyar lokacin da ta ga wurin nan, ranar ba ta yarda babanta ya fita masallaci ba sai da kuka. Haka fim ɗin tarihin Musulunci da Mustapha Akkad ya yi a 1976, The Message, wanda gidaje da yawa suke da shi. Fim ne mai daraja, amma ya kusa awa uku, kuma akwai azabtar da Bilal da yaƙin Badar da na Uhudu. Abba da ɗan yayarki za su amfana da shi in babansu na zaune yana yi musu bayani. Ƙananan biyu su jira. Zaman abu na addini bai mayar da shi na ɗan shekara uku ba.

To ga abin da nake so ki riƙe, ko kin manta sauran: babu abin da zai shiga idonsu sai ya fara bi ta naki. Na san za ki ce ina lokaci, ga ɗinkin mutane. Ba lokacin taka keke nake nufi ba. Lokacin guga, ko sa maɓalli, ko warware ɗinki, ki jingina wayar a gabanki ki kunna. In ba za ki iya kallon duka ba, ki kalli minti goman farko, ki tsallaka tsakiya, sannan ki tsaya sosai a kashin ƙarshe, don can ake tara faɗa da abin tsoro. Kunnenki ma ya fi idonki aiki a nan. Abin da zai sauƙaƙa miki shi ne ba fim hamsin kike buƙata ba. Mu manya ne muke gundura da abin da muka gani sau ɗaya. Yaro zai kalli abu ɗaya sau goma sha biyar, yana faɗin maganar kafin a faɗa, kuma jin daɗinsa ke nan. Abu takwas ko goma da kika tace da kanki sun isa su kai ku Satumba.

Akwai alamomin da ke taimakawa. Hukumar tace fina-finai ta ƙasa, wadda aka kafa a 1993, tana sa wa fim harafi ko lamba: G na kowa da kowa, PG wanda ake so babba ya kasance kusa, sai 12 da 15 da 18 gwargwadon shekaru. Na Amurka suna da G da PG, sai PG-13 da R waɗanda ba na 'ya'yanki ba ne. Matsalar ita ce fim ɗin da aka turo a memori ba shi da kwali, alamar ta ɓace a hanya. Dabarar ita ce a rubuta sunan fim ɗin a Google a ƙara kalmomin "parents guide". Shafin IMDb zai lissafo duk wurin da akwai zagi ko tsiraici ko abin tsoro, shafin Common Sense Media kuma yakan faɗi shekarun da suka dace. Da Turanci suke, in bai zauna miki ba ki sa maigida ko wata ƙanwa ta duba. Sai dai ki tuna ma'aunin mutanen can ne. Sumba da gajeren siket ba sa ɗaga musu hankali kamar mu, shi ya sa alamar ba ta ɗauke miki kallon farko.

Yanzu sunaye. Ga auta da mai shida, ki nemi Akili and Me, wanda kamfanin Ubongo na ƙasar Tanzaniya yake yi don 'yan shekara uku zuwa shida: ƙidaya, haruffa, launuka, zama da mutane, kuma akwai shi da Hausa. Akwai Dandalin Sesame, na Hausar shirin Sesame Square da aka fara nunawa a NTA a 2011, mai 'yan tsanan nan Kami da Zobi. Akwai Bino and Fino, katun ɗin gida Najeriya da Adamu Waziri ya ƙirƙiro, yaro da ƙanwarsa da kakanninsu, suna cin irin abincinmu suna sa irin kayanmu. Ina son wannan don yaro ya ga baƙar fata irin tasa a akwatin, ba kullum dusar ƙanƙara da gidan bene ba. In kina son na tarbiyyar addini, Omar & Hana na ƙasar Maleshiya yana koyar da bismillah da sallama da girmama iyaye, amma waƙoƙi ne da yawa a ciki, ki fara jin ra'ayin maigida a kan kiɗa kafin ki sauke.

Wanda duk huɗun za su zauna su yi dariya tare, ni a ganina, Shaun the Sheep ne na Ingila. Tumaki ne da kare da manomi, babu magana ko ɗaya a ciki, don haka ba ruwanki da fassara, kuma kowane kashi minti bakwai ne ko kusa da haka, yana da sauƙin cewa "saura ɗaya a kashe". Yaran da suka tashi suna ganin tumaki a kasuwar Jega za su gane halin dabbobin nan tun kafin a je ko'ina. Akwai aladu a gonar, na faɗa miki tun yanzu kada ki gani ki ce Gwaggo ba ta faɗa ba. Tom and Jerry kowa ya san shi, tun 1940 ake yinsa, shi ma kusan babu magana. Ba na hana shi, amma daga farko har ƙarshe duka ne da kasko da guduma, kuma wanda aka daka yakan miƙe garau. In kika ga mai shidan ya fara bin auta da muciya, kin san inda ya samo, sai ki ajiye shi.

Manyan biyu ba za su zauna wa katun ɗin ƙidaya ba, kada ma ki wahalar da kanki. Su ki nemo musu Ubongo Kids, mai lissafi da kimiyya cikin labari, da shirye-shiryen namun daji irin Planet Earth na BBC. Nan ma ki duba, don zaki ba ya neman izini kafin ya kama barewa, kuma akwai wuraren barbara. Sannan akwai fim ɗaya da nake so su gani tare da babansu: The Boy Who Harnessed the Wind na 2019, labarin gaskiya na William Kamkwamba, yaro ɗan Malawi da aka kora daga makaranta don rashin kuɗi, ya tattara tarkacen bola da sassan keke ya haɗa injin da iska ke juyawa. A fim ɗin da shi aka jawo ruwa zuwa gona lokacin fari. Yaron da ya san yadda manoman shinkafa a fadamun Kebbi suke fama da kuɗin man injin ban-ruwa ba sai an yi masa dogon bayani ba. Akwai yunwa da mutuwa a ciki, shi ya sa na ce na manyan ne. Kada ki yi mamaki in washegari kika tarar sun kwance miki tsohuwar rediyo.

Za ki ce ina namu na Hausa? Gaskiya mafi yawan fina-finan Hausa a kan aure da kishi da saki suke, manya aka yi wa. Na barkwancin ma da yara ke so sau da yawa dariyarsu a kan zagi da raina babba take. Akwai masu kyau, amma su ma sai kin bi ta kansu ɗaya bayan ɗaya.

Sai batun inda za a kalla. In da hali a sa memorin ko filas a talabijin, kowa ya zauna a tabarma ɗaya, ke ma kina jiyo abin da ake faɗa daga wurin keke. Waya a hannun yaro, ya shige ɗaki ya ja labule, ita ce babbar ɓarakar. YouTube ɗin manya su da kansu sun ce ba na wanda bai kai goma sha uku ba ne shi kaɗai, kuma in bidiyo ya ƙare wani yake jawowa da kansa, daga katun sai ki ji an koma wani abu. Akwai YouTube Kids da aka fito da shi a 2015, yana da agogon da ke rufewa in lokaci ya cika, yana kuma da wurin da za ki ce kada a nuna komai sai tashoshin da kika zaɓa. Ki yi amfani da wannan wurin, don a 2017 an yi ta ce-ce-ku-ce kan bidiyoyin banza da aka yi da fuskokin katun ɗin da yara suka sani, wasu har suka kutsa can. Ni dai na fi son ki sauke abin da kika zaɓa da datar dare mai araha, ki kashe data, ki kunna musu. In kuna da tauraron ɗan'adam mai tashoshin Larabawa, MBC3 ta yara ce kuma tana saba musu da jin Larabci, amma maƙwabtanta a rimot na fina-finan manya ne, dannawa ɗaya ce tsakani. Ki sa a rufe su da lambar sirri.

A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a zaunar da yaron da bai kai shekara biyu ba gaban talabijin ko waya, ɗan biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana, in ya gaza haka ya fi. Ke nan auta rabin awa zuwa awa ya ishe ta. Manyan, a nawa ganin, fim ɗaya a rana ko kwatankwacinsa. Ki sa shi da hantsi, bayan an yi shara da wanke-wanke da bitar karatun allo, a kashe kafin azahar. Na san wuta ba ta bin jadawalin kowa, amma in ta zo bayan isha'i ki yi caji kawai, kallon dare shi ke bin yaro har shimfiɗa.

Maigida kuwa, kada ki ɗauke shi abokin gaba a wannan magana. Abin da ya tsorata shi shi ya tsorata ki, hanya ce kawai ta bambanta. Ki same shi bayan ya ci abinci, ba a gaban yara ba, ki ce kin ga kuskuren da aka yi a memorin farko kuma kin goge shi. Sannan ki gaya masa abin da hanin ya haifar: an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Yau ɗakin abokiyar zamanki ne, wanda ko ba komai cikin gida yake. Gobe ɗan shekara goma sha ɗayan nan zai gano gidan kallo a bakin kasuwa ya ja Abba, ko su sulale kududdufi, kuma tsoronki na ruwan nan gaskiya ne, Agusta ba watan wasa da ruwa ba ne a ƙasar Kebbi. Ki miƙa masa abin da kika zaɓa ki ce ya duba, abin da bai yi masa ba a cire. Namiji in aka ba shi kujerar alƙali yakan sassauta fiye da in aka kai shi gaban alƙali. In ya cire ɗaya ko biyu da ke ba ki ga laifinsu ba, ki bar masa.

Abokiyar zamanki ɗakinta ne, talabijin ɗinta ne, kuma ba ta yi miki laifi ba don yara sun shiga. Kada ki kuskura ki ce mata abin da take kallo ne ke ɓata miki 'ya'ya, wannan maganar sai ta shekara tana yawo a gidan. Ki ce mata kin haɗa wa yara katun, in tana da ƙanana su zo ɗakinki da hantsi a kalla tare, ita ma ta samu ta huta. Ki lura da lokacin da take kallon shirinta mai dogon zango, ki sa ya zama lokacin da naki suke da abin yi a wajenki.

Sauran awannin ranar fa, fim ba zai cike su ba. Kina da abin da wasu uwaye ba su da shi: buhun ƙyallaye. Ki ba su su yi 'yar tsana da ƙwallo, Abba ya koyi sa maɓalli, ba abin kunya ba ne, manyan telolin garin nan maza ne. Ga dara a ƙasa in ruwa ya ɗauke, ga langa, ga motar kara da ta gwangwani. Ni in jikokina suka gama kallo nakan ce ban gane ba, su ba ni labarin. Sai ka ga an tashi ana kwaikwayo, wannan ne tunkiya wancan ne manomi, a cinye wata awar, ni kuma daga bakinsu nake jin abin da ya zauna musu a kai. In aka ɗauke wuta da dare ana ruwa, ki gwada cewa "ga ta nan ga ta nanku" ki ga ko ba za su matso ba. Gizo da Ƙoƙi ba sa cin caji.

In za ki koma shagon turin, ki tafi da memori wanda babu komai a ciki, da sunayen a rubuce a takarda. Ki ce waɗannan kaɗai, ko kyauta ce kada ya ƙara miki ko ɗaya. Kafin ki biya ki sa ya buɗe miki ki ƙirga, don wani lokaci sunan daban abin da ke ciki daban. In kin dawo gida memorin ya zauna a jakarki ko cikin akwatin zare, ba a jikin talabijin ba, kuma ki tambayi ɗan yayarki cikin raha ko ya zo da nasa daga Sakkwato.

Gwaggonku, Birnin Kebbi